Na Riga Ki Gama Littafin, Uwata

Dutsen Kura, Minna.

Zuwa ga 'yata Sa'adatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Jos lafiya, Ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa, Ya haɗa ki da abokan zama masu tsoronSa. Innarku ce za ta cusa ta a jakarki gobe da safe, kuma na ja mata kunne kada ta ce miki uffan sai mota ta ɗaga.

Ki yi haƙuri da rubutun. Kowane harafi ya kai ƙwayar gurjiya, shi ya sa takardun suka yi yawa haka. A bakin shago nake rubutawa da hantsi, na jawo teburin yanka zuwa inda rana take, masu wucewa suna tambaya ko takardar koke nake rubuta wa gwamnati. Da hannuna na rubuta, babu wanda ya kama mini alƙalami. Ki riƙe wannan, don za mu dawo kansa.

Uwata, tun ranar suna da na sa miki sunan mahaifiyata ban taɓa kiran sunanki da bakina ba, kuma kin gaji halinta kaf, har da taurin kan. Na ga akwatin da kika tura bayan ƙofar ɗakinku kika lulluɓe da tsohon zane. Idona ya yi rauni, amma ƙafata ta ci karo da shi. Na san ma'anarsa: rabin kayanki kika ɗauka. Zango ɗaya kika yi niyyar yi a makarantar jinyar nan, in kin dawo hutu kika tarar babanki zaune shiru babu mai karanta masa littafi bayan la'asar, sai ki ce karatun ya isa haka. Bara ma da suka ba ki gurbi haka kika bar shi saboda ni. An yi sa'a sun sake kiranki bana, kuma babu makarantar da za ta kira mutum sau uku. Saboda akwatin nan nake rubuta miki.

Bari in fara da littattafaina, tunda su ne mafarin abin. Kakanmu aikin layin dogo ne ya kawo shi garin nan, bai san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma shi ya ce a sa babana makaranta. Ni kuma da na tashi, keken ɗinki ya ɗauke ni daga aji tun ban ƙoshi ba, sai na huce a kan sayen littafi. Duk sallar da ɗinki ya yi albarka, wasu su sayi agogo, wasu su ƙara akuya, ni in nufi wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi. Innarku ta sha cewa da a ce takarda ake tuƙawa a gidan nan, da babu wanda zai kai mu ƙiba. Na tara su cikin adakar ƙarfe a ƙuryar shago, na jingina ta da bango, na sa kwaɗo, ina ji da ita kamar wanda ya ajiye gona. Ban lura gindin adakar ya ci tsatsa ba. Wata damina mai ruwa irin na Minna, bangon ya jiƙe, gara ta samu hanya. Ranar da na buɗe, bangayen littattafan suna nan tsaf a jere, na ɗaga na farko sai ƙasa ta zubo mini a kan ƙafa. Kina 'yar firamare lokacin, ke kika riƙe mini tsintsiya. Abin da ya tsira shi ne wanda ke hannun mutane aro, wato waɗanda na fi jin haushin rabuwa da su.

To ga abin da na koya. Littafin takarda dukiya ce mai son iska da hannu. In kin saya, ki ɗora shi a sama, ki riƙa buɗe shi, wadda ta roƙe ki aro ki ba ta, ki kuma bi sawunsa. Kada ki saya don a gani a kan kanta. Yanzu ma tsadarsa ta wuce wasa: wanda muka saya ƙarshe, mai koren bangon nan, sai da na ɗinka babbar riga da 'yar ciki kafin kuɗinsa ya fito.

Sai maganar ido. Lokacin da zare ya fara ƙin shiga allura, ai kin tuna abin da na yi. Mai tallan tabarau ya zo wucewa da faifansa, na tsayar da shi, na riƙa gwadawa ɗaya bayan ɗaya ina kallon kwalin ashana, wanda rubutu ya fi fitowa na biya. Bayan 'yan watanni na sake tsayar da shi na ɗauki mai kauri. Haka na yi ta hawa har na kai wanda Innarku ke kira gindin kwalba. Kina ce mini, “Baba, mu je asibiti,” ina ce miki tela ba ya rasa ciwon ido, gadon sana'a ne. Da muka je daga baya, likita ya ce sugan da ke jikina ne ya daɗe yana cin idon ta ciki, abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage sai a tattala. Araha ba ta ado, ni kam na gani a idona. Ke da za ki zama ma'aikaciyar jinya, za ki haɗu da irina da yawa, tsofaffi masu gardama da tabarau na faifai a aljihu. Kada ki yi musu tsawa, amma kada ki ƙyale su. Ke ma kanki, ranar da kika ji wani abu ya sauya a jikinki, ki tambayi wanda ya sani tun abin yana ƙarami.

Daga nan ne kika zama idona. Kullum bayan la'asar ki shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ki karanta, ni ina ɓare gyaɗa ina katse ki da gardama. Ba zan ɓoye miki ba, a duk shekarun nan babu lokacin da ya kai mini wannan daɗi. Innarku ta gwada karɓar ki sau ɗaya, layi biyu ta yi ta fara gyangyaɗi, littafin ya faɗa cikin kwanon gyaɗa.

Kuma kin yi ƙoƙarin nuna mini wata hanyar, ban manta ba. Kin zo da wayarki kika ce, “Baba, akwai littattafai a nan ciki, kuma ba su kai rabin kuɗin na takarda ba, bari in nuna maka wani abu.” Ban bari kin ƙarasa ba. Na ce littafin da ba shi da ƙamshi, ba shi da nauyi, ba a sa masa tsinke a inda aka tsaya, wannan ba littafi ba ne, hira ce ta 'yan zamani. Na ce wanda bai ga rubutu a faffaɗan shafi ba, ina zai gan shi a abin da bai fi tafin hannu ba? Kika mayar da wayar cikin hijabi. A kaina, rubutu abu ne da aka yanka aka gama, yadda maɗaba'a ta buga shi haka zai mutu. Ban taɓa kawo wa raina cewa ana iya taɓa girmansa ba, kuma girman kai bai bar ni na tambaya ba.

Bara da takardar makaranta ta zo kika ce, “Baba, ai ba gudu take ba, sai wata shekarar,” na san dalilinki sarai. Abin da ya kamata in yi shi ne in daka miki tsawa in ce ki haɗa kaya. Sai na ce, “To, yadda kika gani.” Na ji daɗi a raina, kuma wannan jin daɗin ya dame ni shekara guda. Ki kiyayi irin wannan “yadda kika gani” ɗin, Uwata, ko daga bakin wa ya fito, ko miji ne wata rana, ko ni. Mai son ki zai iya riƙe ki ba tare da ya ce ki zauna ba.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba. Kin san Yohanna, manomin doyan nan na Gwada da nake yi wa ɗinkin Kirsimeti shi da iyalinsa tun ba a haife ki ba. Watannin baya ya shigo gari sayen maganin feshi, ya biyo da yadinsa tun da wuri don kada layi ya rutsa da shi. Ya same ni na manna takardar awo a fuska ina neman faɗin kafaɗarsa.

Ya ce da gurguwar Hausarsa, “Tela, me ya sa kana sa takarda a hanci kamar za ka ci shi?”

Na ce, “Ido ne, Yohanna. Ya tafi ya bar ni.”

Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, “Nawa ido ya mutu kafin naka. Amma ranar Lahadi ni ne yana karanta Littafi a coci, har mutum na baya yana ji.”

Na ce ai sai dai in haddacewa yake yi. Sai ya zaro waya daga aljihun gaba, duk gilashinta ya tsage, ya buɗe, ya ɗora yatsu biyu masu kaushin fartanya a kai, ya ware su. Uwata, sai na ga baƙaƙen sun taso. Ya sake warewa, suka ƙara tasowa, har kalma uku ta cika fuskar wayar. Daga inda nake zaune, ba tare da gindin kwalba ba, na karanta su.

Ya ce, “Ka gani? Karami ne, ka bude shi. Kai ba tela ba ne? Rigan yarona da ka dinka, ba ka bar kaya a ciki ba saboda zai girma?”

Gaskiya ya faɗa. Shekara nawa ina wannan aikin: duk rigar yaro da zan ɗinka sai na bar rarar yadi a cikin ɗinkin da kalmasa, don in ya ƙara jiki uwarsa ta kawo in warware in saki. Har faɗa nake yi wa telolin da ke yanke yadi daidai jiki. Ashe littafin waya da rararsa aka ɗinka shi, na takarda ne aka yanke daidai idon mai lafiya. Abin da kika zo nuna mini ke nan na kore ki. Sai da Yohanna ya tafi na rufe shago rabi, na zauna a kan benci na yi ta jin kunyarki.

Da yamma na faɗa wa Innarku. Ta ce, “Malam, yau kuma? Ba kai ka ce hirar 'yan zamani ce ba?” Ta yi mini dariya son ranta, sannan ta ɗauko tsohuwar wayarta mai shafawa, wadda ta ajiye da ta sayi sabuwa don cinikin atamfofinta. Muka yi shawara kada a gaya miki sai na iya, don in abin ya gagara kada in sa miki rai a banza. A shago na riƙa koyo tsakanin ɗinki da ɗinki. Yatsan da ya saba da taka yadi ya yi ta danna abin da ba a ce ya danna ba. Sau biyu ina kiran wata mai sayen atamfa a Tudun Fulani ba da niyya ba, har ta ce wa Innarku ko lafiya mijinta yake.

A nan ma sai da na yi wata wautar. Na ce a nemo mini mai koren bangon nan da muke tsakiyar karantawa, labarin yarinyar da ke bin tashoshi tana neman wanta direban jirgin ƙasa. Innarku ta ce marubuciyar tana sayar da na waya, a tura mata kuɗi ta turo. Wani maƙwabcin shago ya ji, ya ce wane irin saye, ai yana da shi kyauta a wani zauren waya, ya tura mini nan take. Na yi murna na ce abin nema ya samu. Ina cikin karatu sai na ga babi na tara ya bi bayan na shida, wasu shafukan a karkace kamar an ɗauki hotonsu a guje, can kuma sai ga tallan maganin basir a tsakiyar labari. Daga ƙarshe abin ya yanke ana tsakiyar magana. Kuma shi rubutunsa ko ka ware yatsu sai ya dushe, don hoto ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Na koma wa Innarku da kai a ƙasa, ta tura kuɗin, bai kai na mudun shinkafa ba, kafin in idar da alwala littafin ya iso cikakke. Ki biya mai rubutu haƙƙinsa, Uwata. Ni na san zafin mutum ya sa rigar da ka ɓata dare kana ɗinkawa ya wuce ka ko sannu babu. In na takarda ya fi ƙarfinki, na waya bai fi ba, don haka ba ki da hujjar karɓar na sata.

Kada ki ce babanki ya sauya sheƙa gaba ɗaya. Abin yana da nasa halin. Muna maƙwabtaka da madatsar lantarki ta Shiroro amma wuta sai ta ga dama, ranar da caji ya ƙare kuwa littattafanka duka sun tafi barci tare. Rannan ana dab da gano wani abu a labarin wayar ta mutu a hannuna, na bi layinmu da ita kamar mai neman garwashi. Ba ka iya ba aboki aro ka ci gaba da amfani da wayarka. In ta faɗa ruwa ko ɓarawo ya fizge, gara ma ta fi shi tausayi, ita ko bango tana bari. Ga saƙonni da ke faɗowa kana tsakiyar shafi. Kuma har gobe ina kewar ƙamshin takarda, wani lokacin sai in ɗauko tsohon littafi in riƙe a cinya ina karanta na wayar.

Saboda haka ga shawarata a kan littattafan makarantarki. Na ga jerin da suka aiko, na kuma ji farashinsu, na san ba za mu iya sayen duka a takarda ba ko da na sayar da keke. Ki sayi guda ɗaya ko biyu waɗanda za ki buɗe kullum, musamman mai zanen sassan jikin mutum, don shi yana son faɗi, kuma ba ruwansa da ɗauke wuta daren jarrabawa. Sauran ki saye su a waya daga hannun masu su. Innarku ta ce akwai yadda ake ajiye su a wani wuri daban ko waya ta ɓata, ki tambayi wanda ya sani ki yi hakan tun makon farko, kada ki jingina adakarki da bango irin na babanki. In za ki kai waya gyara, ki tabbatar kin kwashe su tukuna. Kuma ki tausaya wa idonki: ki ƙara girman rubutun tun ba ki buƙata ba, ki riƙa ɗaga kai kina kallon nesa, kada ki yi karatu a duhu da hasken waya a fuska. Ido biyu kawai aka ba ki, kuma kin ga yadda nawa suka ƙare.

To, mu dawo kan akwati. Ranar da na kira ki gindin mangwaro na karanta miki shafi guda daga waya, na ga kin yi kuka, na kuma ga kin yi mini kallon nan na kakarki. Daga baya na ji kina ce wa Innarku a madafa, “Inna, anya ba haddacewa Baba ya yi ba? Shafin da na karanta masa ne shekaranjiya.” Ban ji haushi ba. Kin san ni da riƙe magana, kuma kin san zan iya yin fiye da haka don ki tafi. Shi ya sa kika amsa tafiyar da baki kawai, kika bar rabin kaya a bayan ƙofa.

Mun tsaya a inda yarinyar ta sauka a tashar da aka ce an ga wanta. Ke kin ce yana raye, ni na ce ya mutu tun tuni, har muka yi musu gyaɗa ta ƙare. Na takardar yana cikin jakarki, na san kin ɗauke shi don kada wani ya karanta mini ƙarshen ba ke ba. To, Uwata, na riga ki. Na gama shi ranar Talata a kan bencin shago, ni kaɗai, wani mai kawo gyaran wando yana tsaye yana jira ina ce masa ya ƙara haƙuri. Innarku ba ta karanta mini ba, kin san inda layi biyu ke kai ta. Yohanna yana can yana fama da doyarsa. In kina son shaida, ki buɗe babin ƙarshe. Akwai wata tsohuwa mai sayar da dafaffiyar gyaɗa a bakin tasha, za ta kwance bakin zanenta ta miƙa wa yarinyar wani abu. Usur ne, irin na ma'aikatan jirgi, da jan zare a wuyansa. Wanda ya ci gardama tsakanina da ke kuwa ba zan faɗa ba, sai kin karanta kin kira ni.

Da na kai layin ƙarshe na ajiye wayar, wani nauyi da na shekara ina ɗauke da shi ya sauka daga ƙirjina. Ba daɗin labarin ba ne, ko da yake ya yi daɗi. Na san yanzu in na ce miki ki tafi, da gaske nake, ba ƙarfin hali ba ne. Zan yi kewar muryarki bayan la'asar, wannan babu wayar da za ta maye, kuma ba na so ta maye. Amma kewa daban, buƙata daban. Na riga na sa Innarku ta sayo mini na gaba, har na yi nisa.

Akwatin da kika ɓoye, na kai shi tasha da kaina na damƙa wa direban da za ki bi, na biya kuɗin kaya, zai sauke miki shi tare da ɗayan. A sama za ki ga fararen riguna biyu na aiki. Ni na yanka, ni na ɗinka, Innarku ta zura mini zare kawai. Na bar rara a ciki mai yawa, don shekara uku za ki yi, kuma an ce dankalin Jos yana sa ƙiba.

Allah Ya tsare ki a tafiya da zama, Ya buɗa miki ƙirji, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga marasa lafiya. Ya raba ki da mugun ji da mugun gani, Ya dawo mana da ke da abin da kika je nema, ba kafin nan ba. Innarku tana gaishe ki, ko da yake tana tsaye a kaina tana cewa na cika surutu.

Bayan ƙofar ɗakinku babu komai yanzu sai tsintsiya.

Wassalam.

Naki,
Babanki, Garba Tela.